'Yar Tsanar Wata Biyar

A bayan babban asibitin, idan ka wuce ɗakin wanki ka bi ta gefen tankin ruwa, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ba kowa ya san da zamansa ba. Nan ne ɗakin ɗinki. Shekara talatin da bakwai mutum ɗaya ke buɗe shi da safe ya rufe da yamma, kuma daga likita har mai shara ba wanda ke kiransa da wani abu sai Baba Tela. Zanen gadon da ya yage, rigar tiyatar da igiyarta ta tsinke, labulen da wani ya fizga da fushi, duk wurinsa suke ƙarewa. Dogo ne siriri, zaman keken ɗinki ya ɗan ranƙwafar da shi, tef ɗin awo kullum a wuya. Ba shi da yawan magana, amma idan ma'aikaciyar jinya ta kawo riga ta ce wanki ne ya sa ta matse, sai ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "To, 'yata, wannan wankin da cokali ake yin sa, ko?" Ta yi dariya, shi kuwa ya buɗe mata ɗinkin bai ƙara ko kalma ba.

An shaide shi da gaskiya. Ƙyallen da ya rage, ko faɗin tafin hannu ne, sai ya ninke ya mayar ma'aji, har masu ma'ajin suna yi masa tsiya wai zai cika musu ɗaki da tsummoki. Shaidar ba ta ƙarya ba ce. Sai dai akwai ƙarya guda ɗaya mai nauyi da ya taɓa yi, kuma ba ga kowa ya yi ta ba sai ga matarsa. Shekara talatin da huɗu yana ɗauke da ita.

Bai daɗe da fara aiki ba ya yi aure. Yarinyar gajera ce mai yawan dariya, irin wadda kafin ka ce ɗaya ta ce goma, shi ya sa 'yan'uwansa suka ce Allah ya haɗa shi da wadda za ta yi maganar gidan duka a madadinsa. Ɗaki ɗaya suke ciki, gado a wannan bango, tsohon keken ɗinkinsa na gida a wancan. Shekara ba ta zagayo ba ta sami ciki. Da ya shiga wata na biyar ta fara jin motsi, daga nan kuma gidan bai sake hutawa ba. Yana shigowa daga aiki, ko takalmi bai cire ba, za ta kamo hannunsa ta ɗora a kan cikin ta ce, "Zo ka ji, baƙon naka ya farka." Ta rantse cewa idan ya hau keke ya fara takawa, abin da ke cikinta sai ya kama harbi, idan ya tsaya shi ma ya tsaya. Yakan ce mata ai shi ke nan, an sami wanda zai gaji almakashi. A zuciyarsa kuwa wani irin farin ciki yake ji wanda bai san yadda ake faɗinsa ba.

Wata safiya ta tashi da zazzaɓi da ciwon mara, kafin hantsi jini ya ɓalle. Ya kai ta asibitin da yake aiki, aka shige da ita aka bar shi a kan benci. Ta zubar da jini sosai, kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. A ranar farko, wajen azahar, wata tsohuwar ungozoma ta yafito shi zuwa wani ɗan ɗaki a gefe, ta miƙa masa abu naɗe cikin koren ƙyalle. Ya gane ƙyallen, domin shi ya yi masa kalmasa a makon da ya wuce. Ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Je ka yi abin da ya kamata. In ka ji shawarata, kada ka buɗe."

Bai ji shawarar ba. Ya wuce ɗakin ɗinki, ya tura ƙofa, ya ɗora a kan teburin yanka ya buɗe. Mace ce. Idon tela ba ya iya ganin abu bai auna ba, don haka ko ba ya so sai da ya san tsawonta, taƙi ɗaya da yatsu uku. Fatarta ja ce siririya, ana ganin jijiyoyi ta ciki. Idanunta a rufe, kunnuwanta sun fito sarai, yatsun hannu goma kowanne da ɗan farcensa, hannu ɗaya yana kusa da baki. Akwai wani lallausan gashi a kafaɗunta. A ƙafa kuwa, yatsa na biyu ya ɗan fi babban yatsa tsawo, daidai yadda na uwarta yake. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya yanko farin yadi mai laushi, ya hau keke ya bi gefensa huɗu da kalmasa, ya naɗe ta a ciki. Shi da yayansa suka je suka binne ta kafin rana ta faɗi.

A rana ta uku matar ta buɗe ido. Fuskarta ta yi fari fat, leɓɓanta sun bushe, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Abin da ta fara yi shi ne shafa cikinta, sannan ta dube shi ta ce, "Ina yake? Ka gan shi?" Tsohuwar ungozomar tana tsaye a bayan gadon tana girgiza masa kai a hankali. Ya dubi matarsa, ya ga kamar idan ya faɗi abin da ya gani ba za ta tashi daga gadon nan ba. Tausayi ne ya kama shi, da tsoro, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ba kowa a ciki. Gudan jini ne kawai, bai kai ga zama mutum ba."

Ta ce, "To motsin fa? Kai ma ai ka ji."

Ya ce, "Likita ya ce iska ce. Hanji ne ke juyawa. Wai haka take yi wa masu cikin fari."

Ba likitan da ya faɗi haka, shi ya ƙirƙiro shi a nan inda yake tsaye. Ta juya fuskarta bango. Da suka koma gida ta yi ta kuka, mata masu zuwa dubiya kuma suka yi ta ce mata ta gode wa Allah da abin ya tsaya a gudan jini, wa ke kuka a kan gudan jini. A hankali kukan ya koma abin kunya a wurinta, ta haɗiye shi. Shi kuwa ya gaya wa kansa cewa ya yi mata gata.

Bayan nan sun haifi maza huɗu, duk suka rayu, duk suka girma. Amma a cikin cikunan nan huɗu ba ta sake kamo hannunsa ko sau ɗaya ba. Idan wata ta tambaye ta ko yana motsi, sai ta taɓe baki ta ce, "Wa ya sani." Ba ta yarda a ɗinka ko hula ba sai ta ji kukan jariri da kunnenta. Ranar da aka ɗora mata shi a ƙirji sai son ya zubo gaba ɗaya, ba wanda ya isa ya taɓa mata ɗa, amma watanni taran da suka gabata takan yi su ne kamar mai dakon kayan wani. Dariyarta ma ta ragu, ba ta koma yadda take ba. Yana gani, ya kuma san daga ina abin ya faro. Sau da yawa ya shirya zai faɗa, sai ya ce bari ta haihu tukuna, bari ta yaye, bari yaron ya warke. Abin da ya fi ɗaure masa baki shi ne wata magana da takan yi wa 'ya'yan idan ta kama ɗayansu da ƙarya: "Ba a wurin babanku ka koya ba. Tun da na aure shi bai taɓa gaya mini abin da ba haka yake ba." Duk lokacin da ta faɗi haka sai ya tashi ya fita tsakar gida kamar ya tuna da wani aiki.

Saura 'yan watanni ya ajiye aiki aka kawo sabuwar malama makarantar koyon aikin ungozoma da ke maƙwabtaka da asibitin. Darasinta shi ne yadda ɗan Adam ke girma, jiki da hankali, tun daga cikin mahaifa. Wata rana ta yi sallama a ƙofar ɗakin ɗinki da wani ƙaton littafi a hammata, ta ce, "Baba, 'yan tsana nake so ka ɗinka mini."

Ya sauke ƙafa daga keke. "Malama, da furfurata? Jikokina ma sun wuce wasan nan."

Ta yi dariya ta zauna a kan tarin zannuwa ta yi masa bayani. Makarantar tana da 'yar tsanar roba guda ɗaya tak, ta wata tara, ita ma hannunta ɗaya ya ɓata tun kafin a haifi rabin ɗaliban. Yaran suna haddace hotuna, su zuba maka lambobi kamar ruwa, amma ba wadda ta san yadda ɗan tayi na wata uku yake a tafin hannu. Tana so ya ɗinka mata guda tara, kowane wata da nasa, tsawo da nauyi daidai da abin da ke littafin. Za a cusa auduga, a ƙara da tankaɗaɗɗen yashi har nauyin ya cika, a auna a sikelin ɗakin magani. Ya juya shafukan, ya ga aiki ne na awo, awo kuwa nasa ne. Ya ce ta bar littafin.

Na wata ɗaya ya ba shi dariya. Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, "Malama, wannan ai ba ɗinki ba ne, ƙulli ne." Ya ƙulla zare sau biyu ya manna a kan kwali. Ta ce masa kada ya raina ƙullin nan, domin kwanaki kaɗan bayan haka zuciya ke fara bugawa a cikinsa, uwar ma watakila ba ta gama sanin tana da ciki ba. Na wata biyu ya ɗan ɗara ƙwayar wake, kai ya kusa rabin jiki, yatsun suna shirin rabuwa da juna. Sai da ya ari tabarau mai ƙara girman abu daga ɗakin gwaji kafin ya iya fitar da hannuwan. Na wata uku ya kai tsawon yatsa, ya yi masa aiki mai kyau har ya zana masa idanu biyu a buɗe da baƙin zare. Malama ta ce ya farke su. Fatar ido a lokacin a manne take, ba ta buɗewa sai wajen ƙarshen wata na shida. Ya ce to gaskiya ne, me zai kalla a can ɗin. Na wata huɗu ya cika tafin hannu. Ya fara jin daɗin aikin har yakan manta da abincin rana, ma'aikatan jinya kuma suna leƙowa suna cewa Baba Tela ya buɗe ɗakin haihuwa nasa na kansa.

Da ya juya shafin wata na biyar sai ya rufe littafin. Ya tsallake ya ɗinka na shida, na bakwai, na takwas, na tara. Malama ta jera su a kan tebur ta ga giɓi a tsakiya, ta tambaya. Ya ce yadin ne ya ƙare. Bayan mako ta sake tambaya, ya ce allurar keken ce ta karye. Mutumin da bai iya ƙarya ba idan ya yi ta a fili take fitowa, amma ta yi kamar ba ta gane ba.

Wata safiya ya zo da wuri, ya tura ƙofa, ya shimfiɗa yadi. Bai buɗe littafin ba, bai kuma cire tef daga wuyansa ba. Ya zana da alli, ya yanka, ya ɗinka, ya juya, ya cusa auduga. Yashin ma bai kai sikeli ba, yana zubawa yana ɗagawa a hannu, ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan, har hannun ya ce masa ya isa. Da ya gama ya ajiye a kan teburin yanka ya ja baya ya zauna.

Malama ta auna da tef, ta aika aka ɗora a sikeli aka dawo mata da lambar. Ta ce, "Wannan ta ƙarshen wata biyar ce, mako ashirin da biyu. Ko giram goma ba ka kauce ba." Ta ci gaba da juya ta a hannu. Sauran takwas ɗin duk siffa ce kawai, ba mace ba namiji. Wannan mace ce. Hannunta ɗaya an ɗinke shi kusa da baki, kuma a ƙafa yatsa na biyu ya fi babban tsawo. Ta ɗago kai. "Baba, a wane shafi ka ga wannan?" Ya shiga kaɗe zaren da ya maƙale a gwiwar wandonsa. Ta dube shi, ta ce a hankali, "Allah ya ba da haƙuri." Ba ta sake tambayarsa komai ba.

Ranar darasin shi ya ɗauko mata akwatin har aji. Ya ajiye zai juya, ta ce ya tsaya a yi masa godiya, sai ya tsaya daga bakin ƙofa. Ɗalibai wajen arba'in, duk 'yan mata da ƙananan matan aure cikin fararen kaya, suna ta hayaniya da dariya a kan ƙullin wata ɗaya. Aka fara miƙa 'yan tsanan daga hannu zuwa hannu. Da ta wata biyar ta fara zagayawa sai ajin ya yi tsit, domin kowa ta karɓa sai ta sa hannu biyu ba tare da an ce mata ba.

Malama ta ce, "A wannan lokacin uwa tana jin motsi sarai. Yana barci yana farkawa, yana shura ƙafa, wani lokaci ya kai yatsa baki. Kunnensa ya fara kama sauti, da farko bugun zuciyar uwar da muryarta, sannu a hankali har ƙarar da ke waje. Ita kuma ta fara sanin lokutansa, ta san abin da ke tayar da shi, tana yi masa magana ko ba ta gaya wa kowa ba. Saboda haka sabo tsakanin uwa da ɗa ba ranar haihuwa yake farawa ba."

Wata daga baya ta ɗaga hannu. "Malama, idan cikin ya zube a nan fa? Ba gara a ce mata ba komai ba ne, don ta sami sauƙi?"

Malama ta ce, "Ki tambaye ta abin da take so. In tana son gani, ki shirya ta ki nuna mata. In ba ta so, kada ki tilasta. Amma kada ki kuskura ki ce mata abin da ta ji babu shi. Ta riga ta rasa ɗa, in kika yi haka kuma ba za ta sake yarda da abin da jikinta ya gaya mata ba."

Aka yi wa Baba Tela tafi, bai ji ba. Ya koma ɗakinsa ya zauna a gaban keke har lokacin tashi, bai ɗinka komai ba. Duk da haka da ya je gida bai ce uffan ba, domin shekara talatin da huɗu na shiru ba a rana ɗaya suke warwarewa ba.

A ƙarshen makon nan matar autansu ta zo yini. Yarinya ce mai fara'a, ta shaƙu da surukarta ƙwarai, kuma tana ɗauke da cikin fari. Suna zaune a tsakar gida suna ninke wanki, shi yana daga ƙofar ɗaki yana gyara maɓallin riga, sai yarinyar ta zabura ta dafe ciki. "Mama! Ya motsa! Wallahi ya motsa, kawo hannunki ki ji!"

Matarsa ta janye hannunta. "Ke, rufa wa kanki asiri. Iska ce. Ni ma haka na yi ta rawar kai a cikina na fari, ina kiran babanku ya zo ya ji, ashe hanjina ne ke juyawa. Har yau in na tuna kunya nake ji. Kada ki sa rai da abin da ba ki gani ba, kin ji ko?"

Yarinyar ta sauke hannunta daga cikin a hankali, murmushin ya bar fuskarta, ta ɗauki wata riga ta ci gaba da ninkewa. Baba Tela ya soke yatsarsa da allura bai ma ji ba. Maganarsa ce, kalma da kalma, ta yi shekara talatin da huɗu a bakin matarsa, yanzu ga ta ta shiga kunnen wata. A nan ya san cewa ko zai rasa duk mutuncin da yake da shi a idonta, ba zai ƙara kwana biyu da abin nan ba.

Ranar da ya koma aiki ya je ya roƙi Malama aron 'yar tsanar. Ta ɗauko ta miƙa masa, ba ta tambayi dalili ba. Ya dawo gida da sauran rana, ya tarar da matarsa ita kaɗai a kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ce, "Yau da wuri haka? Ko sun kore ka kafin lokaci?" Bai yi dariya ba. Ya zauna a gabanta a ƙasa, abin da bai saba yi ba, ya ce ta ajiye farantin ta buɗe hannuwanta. Ya ɗora mata.

Ta dube ta, ta ɗan ɗaga ta. "Wannan ne aikin malamar taku? Kai, har da farce."

Ya ce, "Maman yara, akwai maganar da zan gaya miki. Ki bari in kai ƙarshe, bayan nan duk abin da kika yi mini daidai ne. Cikinki na fari ba gudan jini ba ne. Mutum ne cikakke, kamar wannan da ke hannunki, tsawon nan, nauyin nan. Ni na karɓa, ni na buɗe na gani, ni na binne. Ba likitan da ya ce iska ce. Ni na faɗa, don na ga kamar za ki mutu in na gaya miki."

Ba ta motsa ba. Kaji suka zo suka fara tsattsagar shinkafar da ke farantin, ba wanda ya kore su. Can ta ce, "Motsin."

"Gaskiya ne. Duk abin da kika ji gaskiya ne. Ni ma na ji."

"Mace ko namiji?"

"Mace."

Ta sunkuyar da kai ta dubi abin da ke hannunta, ta jawo shi jikinta. Hawaye suka fara zubowa ba tare da sauti ba. Da ta yi magana muryarta ba ta ɗagu ba, kuma da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. "Na yi kuka aka yi mini dariya. Na ɗauka ni ce sakarai, mai jin abin da babu. Ciki huɗu na yi a gabanka, suna harbina ina cewa ƙarya ne, kana kallo."

"Ina kallo. Ba ni da abin cewa."

"Ka san inda take?"

"Na sani. Can gefen katangar maƙabarta ne, ta hanyar asibiti. Akwai wani dutse da na sa. Nakan tsaya in zan wuce."

Ta ɗago jajayen idanunta ta tsare shi da su. "Nakan tsaya. Tun yaushe?"

"Tun lokacin."

Wannan ya fi ƙaryar kanta yi mata ciwo, ya gani a fuskarta. Ta ce, "Wato kai shekara talatin da huɗu kana da 'ya, kana zuwa wurinta safe da yamma. Ni da na ɗauke ta ba ni da kowa."

Ya buɗe baki zai nemi gafara, ta ɗaga masa hannu. "Ba yau ba. Wannan maganar ba ta yau ba ce, ban san ranarta ba." Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya ta miƙe da ƙyar, ɗaya hannun yana riƙe da 'yar tsanar a ƙirjinta. Ta dubi rana ta ga da sauranta.

Ta ce, "Ɗauko mini mayafi da takalmi. Ka wuce gaba, ni ban san hanya ba."